Haruffan Ado a Zongon Lome: Daga Alƙalamin Malam Zuwa Injin Buga Fasta

Lokacin da shirinmu na Hausa ya cika shekara biyar a gidan rediyon da nake aiki, mun shirya ɗan taro a Zongo domin mu haɗu da masu sauraro ido da ido. Na kai aikin fastar taron wurin wani yaro mai shagon kwamfuta. Yaron ya iya aikinsa, ba laifi. Ya yi ta nuna mini haruffa iri-iri, masu kauri, masu inuwa, masu ganye da furanni a jiki, sannan ya ce, “Yaya, yanzu haruffan da ake yayi. Duk mai son hajarsa ta yi kwarjini irin waɗannan yake sa mata.” Na zaɓi wasu jajaye masu ƙiba, na biya, na tafi.

Kwana biyu bayan an manna fastar, wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci yana murmushi, ya ce, “Ɗana, bakin wa za mu je mu gani ranar Asabar?” Da na je na duba, ashe abin da aka rubuta da manyan haruffa shi ne ana maraba da manyan baki, maimakon manyan baƙi. Na koma wurin yaron, ya nuna mini a kwamfutarsa: da ya danna ƙ, sai wani ɗan akwati marar komai ya fito, domin wanda ya ƙirƙiri waɗannan haruffa bai sa ƙ a cikinsu ba. Shi kuwa da ya rasa yadda zai yi, sai ya maye gurbinta da k.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: waɗannan haruffa da ake cewa na da ne, na zamanin su wa ne? Kuma mu mutanen Zongo, da wane irin rubutu iyayenmu suke ƙawata allo da shago da mota?

Sai mu fara da asalin nasu. Tun da Gutenberg ya fito da dabarar ɗab'i a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, ana narka dalma ne a zuba kowane harafi shi kaɗai, a jera su ɗaya bayan ɗaya, a shafa musu tawada a danna a takarda. Shi ya sa ya dace mu kira kowane salo zubin haruffa. Sama da shekara ɗari uku, yawancin zubin da ake yi na littafi ne, ƙanana masu natsuwa, domin mai karatu a zaune yake da littafinsa a hannu. Abin ya canja a Ingila a farkon ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka yawaita, kaya suka cika kasuwa, birane suka tumbatsa. Mai gwanjo da mai tikitin caca da mai gidan wasan kwaikwayo duk suna neman bangon da za su manna sanarwa, kuma mutumin da suke son ya gani tafe yake, ba tsayawa zai yi ba. Sai buƙata ta taso ta harafin da zai yi kira daga nesa, kamar sankira a bakin kasuwa.

Maƙeran haruffa na Landan suka amsa. Ana danganta wa Robert Thorne haruffan nan masu ƙibar jiki da siraran gaɓoɓi. A 1815 Vincent Figgins ya fito da masu faffaɗar ƙafa kamar an dasa musu guntun katako, a 1816 kuma gidan Caslon ya buga samfurin haruffa marasa ƙafa sam. Daga nan aka shiga gasar ado: a yi wa harafi inuwa, a raba ƙafarsa biyu kamar wutsiyar kifi, a cika cikinsa da furanni. Sai dai dalma tana da nauyi da tsada, kuma idan harafi ya yi girma ba ya daskarewa daidai. Wani Ba'amurke mai suna Darius Wells ya samo mafita a New York, ya ƙera injin sassaƙa haruffa da itace, ya fitar da kundin samfurinsa a 1828. Haruffan da muke gani a fina-finan kaboyi, a saman ƙofar mashaya ko a takardar neman ɓarawo, daga wannan zuriya suka fito. A 1922 Oswald Cooper na Chicago ya fito da Cooper Black, mai taushi da kumburi kamar ƙosai. Da na bincika, jajayen haruffan da na zaɓa wa fastarmu jikokin wannan zubi ne.

Ke nan abin da yaron ya kira na da, tsohon yayin kasuwannin Landan da New York ne. Ba aibu ba ne a so su, suna da kyau, kuma sun daɗe da shigowa garinmu.

Ta bakin teku suka shigo. Lome ta tashi ne a matsayin garin ciniki wajen 1880, lokacin da 'yan kasuwa suka tsallako iyaka suna gudun kuɗin fiton da Ingilishi suka ɗora a Gwalkwas, wato Gana ta yau. Jamusawa suka kafa mulkinsu a 1884, suka mai da Lome hedkwata a 1897. A wancan zamani yawancin jaridu da littattafan Jamus da haruffan Fraktur ake buga su, baƙaƙen nan masu kusurwa da ƙaya waɗanda yau samari ke so a jikin riga da allon shagon aski. A 1914 Jamusawa suka fita, Ingilishi suka riƙe birnin zuwa 1920, sannan Faransawa suka karɓa har ranar 27 ga Afrilu 1960. Kowane mai mulki ya zo da takardunsa, kowane kamfani ya zo da kwalayensa da gwangwanayensa da allunan ƙarfe na talla.

Daga Faransa, hannun da ya fi barin tabo shi ne na Roger Excoffon, wanda ya yi wa maƙerar Olive ta birnin Marseille aiki. A 1951 ya fito da Banco, manyan haruffa masu ɗan kishingiɗa kamar an ja su da faffaɗan buroshi. A 1953 ya fito da Mistral mai kama da rubutun hannu na gaggawa, a 1955 kuma Choc. Mahauta da masu burodi da masu gyaran gashi na Faransa suka rungume su. Har yau idan ka bi titunan Lome a kan zemijan kana kallon saman shaguna, za ka ga kamanninsu a tsofaffin alluna.

Matanmu ma sun san darajar harafi ko da ba su shiga makarantar boko ba. Atamfar kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a Helmond ta Holan a 1846, ita ce ta ɗaga manyan 'yan kasuwar nan mata na Babbar Kasuwar Lome da ake kira Nana Benz. Uwar da za ta haɗa kayan aure takan juya bakin turmi ta duba rubutun da ke gefe kafin ta zaro kuɗi. Siffar rubutun take dubawa, domin idonta ya saba da ita. Masu jabu sun san haka, shi ya sa suke wahalar kwaikwayon rubutun gefen kamar yadda suke kwaikwayon zanen. A kasuwa siffar harafi amana ce.

To, mu dawo gida. Hausawan da suka kafa Zongon Lome a ƙarshen ƙarni na 19 fatake ne masu bin hanyar goro. Da yawansu ta Salaga suka biyo, kuma yaƙin basasar da ya watsa wannan kasuwa a 1892 ya ƙara tura mutane kudu. Ba su zo hannu rabbana ba ta fuskar rubutu. Tare da su akwai malamai da allo da alƙalamin gamba da tawadar da ake haɗawa da ƙaro. Rubutun da suka zo da shi, wanda ake kira rubutun Kano, mai kauri ne, baƙaƙensa a zaune daram, kuma danginsa na Magrib ne: fa tana da ɗigo a ƙasa, ƙaf tana da ɗigo ɗaya a sama. Akwai kuma ɗigon imala mai kauri a ƙarƙashin baƙi, wanda Hausawa suka mora wajen rubuta wasalin e a ajami. Marubuci yakan yi baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani, ana yi masa allon zayyana, a kewaye rubutun da zane mai launi-launi, ya zaga da shi gidajen dangi. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana ya san cewa sarrafa kauri da launi da fili domin rubutu ya ja ido daga nesa ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu.

Tarihi ya ajiye mana sunan wani babban marubuci na wannan yanki, Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Yau garin yana cikin Gana, amma a lokacin yana ƙarƙashin Togon Jamus. A can ya haɗu da jami'in Jamus Adam Mischlich, ya rubuta masa tarihin ƙasar Hausa da al'adunta cikin ajami. Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a Berlin a 1906. Wato tun kafin a haifi kakanninmu, alƙalamin malamin zango da injin ɗab'in Turai sun riga sun gamu a ƙasar Togo.

Abin lura shi ne, injin bai kashe alƙalamin ba. Haruffan Larabci na dalma da maɗaba'un Turai da na Masar suke da su sirara ne, irin na Gabas, kuma almajirin da ya tashi da allo ba ya sakewa da su. Da fasahar ɗab'i ta hanyar ɗaukar hoto ta yaɗu a Kano a tsakiyar ƙarni na 20, sai aka sami hanya mai sauƙi: gwani ya rubuta littafi da hannunsa, a ɗauki hoton shafukan, a buga dubbai. Ta haka rubutun gwanaye irin su Sharu Bala Gabari ya zaga Afirka ta Yamma. Ƙananan littattafan nan na Ƙawa'idi da Ahalari da ake shimfiɗawa a bakin masallatan Zongo, da yawansu rubutun hannu ne da injin ya ninka. Masu saye su suka tilasta wa maɗaba'a ta bi idonsu.

Tsakanin malam da maɗaba'a akwai mutum na uku da ba a cika ambatonsa ba, shi ne mai zanen allo. Kayan aikinsa gwangwanin fenti ne da buroshi da alli da zare. Yakan shafa wa zaren alli, ya ja shi ya sake, ya bar layi a jikin katako, sannan ya raba fili da ido. Shi ke rubuta wa mai tsire allonsa, tsiren nan da mutanen gari ke kira cincinga. Shi ke yi wa wanzami da tela da mai maganin gargajiya, shi ke rubuta kirari ko addu'a a goshin manyan motocin da ke ɗauko shanu da albasa daga arewa. Makarantarsa ita ce kwalin sabulu da gwangwanin madara da bangon mujalla. Yakan ari ƙiba daga wannan, ya ari inuwa daga wancan, ya karkata harafi irin na Faransawa, kuma sau da yawa a allo ɗaya za ka ga Faransanci a sama, Hausa a tsakiya, Bismilla da rubutun allo a can ƙoli. Da yawa daga cikinsu da alƙalamin gamba suka fara riƙe abin rubutu, ana kuma ganin haka a yadda suke kumbura cikin harafi su sirantar da wutsiyarsa.

Ina waɗannan alluna suke yau? Kaɗan ne suka rage. Fenti da katako ba sa jure iskar teku da damina biyu a shekara. Ga kuma abin da ya faru a 1977, lokacin da gwamnati ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutane zuwa Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa, a kan hanyar Atakpame. A filin da aka tashe su manyan gine-ginen bankuna ne suka tsaya. Masanin nan na Faransa Michel Agier ya yi bincike a kan fataken shanu da goro na unguwar da tsarinsu na maigida da yaransa, littafinsa ya fito a 1983. Ni ban ga tsohon Zongo ba, labarinsa na tarar. Da na tambayi wata gwaggona ko akwai wanda ya ɗauko allon shagon kakanmu, sai ta ce, “Ɗan nan, wanda ke neman inda zai sa kan 'ya'yansa ina ya ga ta allo? Kwanon rufi da ƙyaure muka tsira da su.”

Abin da iska da rusau suka bari, kwamfuta ta zo ta ƙarasa. Yau ka ba da saƙo da safe, da la'asar an buga maka shi a leda mai sheƙi, da hoto da launi, a kan kuɗin da bai kai na mai buroshi ba. Ba na zargin kowa da ya bi sauƙi. Amma a nan ne matsalar ƙugiya ta dawo mana, ita ma tana da nata tarihin, wanda wani reshensa ya ratsa ta Togo.

Da Turawa suka fara rubuta Hausa da boko, sun rasa yadda za su bambanta ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashi, wasu suka sa waƙafi a gefe. A 1926 aka kafa wata cibiya a Landan domin nazarin harsuna da al'adun Afirka, kuma ɗaya daga cikin jagororinta shi ne Diedrich Westermann, Bajamushen da ya fara aikinsa a matsayin ɗan mishan a Togo, inda ya ƙware a harshen Ewe. Ra'ayin cibiyar shi ne kowane sauti ya sami harafinsa na kansa, a daina dogara da ɗige-ɗige. A shekarun 1930, hukumar talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta ɗauki haruffa masu ƙugiya, sai da aka zuba su musamman kafin a iya buga su. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana cikin abubuwan da suka sa idon jama'a ya saba da su. Daga baya Nijar ta ƙara da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Maƙwabtanmu Ewe da Kabiye, waɗanda harsunansu ne Togo ta ɗauka a matsayin harsunan ƙasa, suna da irin wannan kaya: ɖ da ɛ da ɔ da ŋ da sauransu. Duk waɗannan haruffa, namu da nasu, sun daɗe da samun gurbi a tsarin Unicode da kwamfutocin duniya ke aiki da shi. Amma samun gurbi daban, zana harafin daban. Mai ƙirƙirar zubin ado a Turai ko Amurka yakan zana abin da kasuwarsa ke buƙata ya tsaya nan. Mai buroshi bai taɓa sanin wannan matsala ba, domin ƙugiya a wurinsa juyin hannu ɗaya ce. Yau kuwa ƙafa tana komawa kafa, ƙasa tana komawa kasa, gaɗa tana komawa gada, kuma yaran da ke koyon karatu daga bangon titi suna ɗauka haka abin yake. A wuri irin Lome, inda ba a koyar da Hausa a makarantun gwamnati, allon shago da fastar biki suna cikin 'yan wuraren da yaro ke ganin harshensa a rubuce.

Akwai alamar cewa gyara mai yiwuwa ne. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da wani zubi na kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka zana shi bisa rubutun hannu na Kano, da kaurinsa da ɗigon imalarsa, kuma kyauta ake sauke shi. Suna da wani mai suna Harmattan, shi ma domin ajamin Afirka ta Yamma. Idan har an iya ɗaukar hannun malamin Kano an sa shi cikin kwamfuta, babu abin da zai hana a yi wa hannun mai zanen allo na Zongo haka a ɓangaren boko.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Ƙannena masu aikin fasta, kafin ku zaɓi kowane zubi ku gwada rubuta ƙasa da ɗaki da ɓera da shi, da manya da ƙananan haruffa. In ya kasa, ku ajiye shi, ko ku zauna ku zana masa ƙugiyar da kanku. Masu ba da aiki, ku karanta kafin a buga, kada ku yi irin sakacina. Duk mai waya kuma, idan ya ga tsohon allo a Agoe ko Sokode ko Kumasi ko Maradi, ya ɗauki hotonsa, ya tambayi wanda ya zana da shekarar da aka yi, domin gobe ana iya wayar gari an lulluɓe shi da leda.

Ni dai bayan abin da ya same ni, na nemi wani tsohon mai zanen allo da ya rage a unguwarmu, wanda yanzu yawancin aikinsa lambar gida ce da ta mota. Na ce, “Baba, so nake ka zana mini baƙaƙe da wasulla gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, irin yadda kake yi wa motocin shanu a da.” Ya dube ni ya ce, “Me za ka yi da su, alhali injinku yana yi cikin minti ɗaya?” Na ba shi labarin manyan baki, ya yi dariya har da tari. Kwana huɗu ya yi yana aikin a kan falle uku na katako, ja da rawaya da baƙar inuwa. Da ya zo kan ƙ, ban ce masa komai ba, ya lanƙwasa mata kai ya wuce. Allunan suna jingine a ɗakin shirinmu yanzu, kuma yaron nan mai shagon kwamfuta ya zo ya ɗauki hotonsu harafi bayan harafi, ya ce zai gwada mai da su zubin da za a iya bugawa. Allah ya ba shi sa'a.